Zarton hannu ko na inji: wanne ya dace da gida a Jos?

Da zarar Afrilu ya kama, hadari ya fara haɗowa, sai ka ga magidanta a Jos suna ɗaga kai suna duban bishiyoyin gidajensu. Iskar farkon damina a nan ba ta da wasa, wani lokaci har da ƙanƙara take zuwa. Ga reshen mangwaro ya kwanta a kan kwano, ga fiya ta tokari wayar wuta, ga itacen turare ya zarce bene tsawo yana rangaji a kan katangar maƙwabci. A nan ne ake fara maganar sayen zarto, kuma abin da ke fara zuwa ran mutum shi ne injin yanka, mai ƙarar nan da ake jiyowa daga wata unguwa. Ni a ganina mafi yawan gidaje ba sa bukatarsa. Abin da ke raba gardama shi ne kaurin itacen da za ka yanka, sau nawa aikin ke tasowa a shekara, sannan ko ƙafarka tana ƙasa ko tana kan tsani lokacin yankan.

Kusan kowane gida akwai adda, kuma da ita aka saba sassabe. Idan reshe ya riga ya faɗo ƙasa ana son a kakkaɓe ganye da ƙananan rassa, ba abin da ya kai ta sauri. Amma a jikin bishiyar da kake son ta ci gaba da ba ka 'ya'ya, adda ɓarna take yi. Sara biyar, sara goma, kowanne a wurinsa daban, sai bakin yankan ya zama kaca-kaca, ɓawo ya yage ya bi gangar jiki. Ruwan damina ya kwanta a ciki, wurin ya fara ruɓa, gara ta sami ƙofa. Bayan 'yan shekaru sai a ga mangwaro ya yi kogo ana mamakin abin da ya same shi. Zarton kafinta kuma, wanda mutane ke arowa idan adda ta gaza, an yi shi ne don busasshen katako. Haƙoransa ƙanana ne, a matse suke, ɗanyen itace kuwa dusarsa jiƙaƙƙiya ce mai danƙo. Kafin ka kai rabin reshe ta cike tsakanin haƙoran, zarto ya cije, ka ja ya ƙi, ka tura ya lanƙwashe.

Wanda aka yi domin wannan aikin shi ne zarton rassa. Gajere ne, ruwansa bai cika wuce inci 10 zuwa 13 ba, sau da yawa a ɗan lanƙwashe, wani ana naɗe shi cikin ƙotarsa, wani yana da kube da ake ratayawa a ƙugu. Haƙoransa manya ne masu tazara, kuma suna ci ne lokacin da ka jawo, ba lokacin da ka tura ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ke miƙa hannu sama da kansa: jawowa ta fi turawa sauƙi, nauyin hannunka ma yana taya ka, kuma ruwan ba ya lanƙwashewa tunda a miƙe yake lokacin da yake aiki. Reshe mai kaurin damtse, wato santimita 10 zuwa 12, minti ɗaya ko biyu ya ishe shi, ya bar baki sumul. Ba mai, ba batir, ba ƙara, kuma yana shiga tsakanin rassan gwaba ko lemo inda babu injin da zai kutsa. Masu suna a duniya su ne irin su Silky na Japan da Bahco na Suwidin da Fiskars na Finlan, amma a shagunan kayan aiki na Jos an fi cin karo da Ingco da Total da makamantansu, kuma na gida suna yin aikin. Abu ɗaya za ka duba: idan ka ga bakin haƙoran ya yi duhu, kamar baƙi-baƙi ko shuɗi-shuɗi, an ƙona su ne don su yi tauri. Irin wannan yana daɗewa bai dakushe ba, amma ranar da ya dakushe magagari ba ya kama shi, sai dai a canja ruwan. Don haka ka tambayi mai shago ko yana da ruwan canji kafin ka biya.

Sai zarto mai siffar baka, wanda aka ɗaure siririn ruwa a jikin lanƙwasasshen bututun ƙarfe. Ana samun mai inci 21, da 24, da 30. Shi aikinsa a ƙasa yake: reshe ya faɗo, ana son a daddatsa shi itacen girki ko na jin ɗumi, abin da duk mai zama Jos a Disamba da Janairu ya san darajarsa. Ya fi zarton rassa sauri a gungume mai santimita 15 zuwa 20, kuma ruwansa ba shi da tsada. Iri biyu ne ruwan, kuma masu shago da yawa ba sa bambanta maka. Akwai mai haƙora iri ɗaya jere reras, na busasshen itace ne. Akwai wanda bayan 'yan haƙora sai ka ga wani mai baki biyu, shi ne ke kwashe jiƙaƙƙiyar dusa daga cikin tsagi, na ɗanyen itace ke nan. Matsalarsa a kan bishiya ita ce bakan nan: yana karo da rassan da ke kusa, ba ya barin ka yanka daf da gangar jiki.

Na ukunsu zarton sanda, wato ruwan zarton rassa a kan doguwar sanda mai zugewa, mita uku zuwa biyar. Yana gajiyar da kafaɗa, dusa tana zubo maka a fuska, yankansa kuma bai kai na hannu tsafta ba. Duk da haka ina sa shi a gaba, saboda yana hana mutum hawa tsani, kuma a aikin sassabe faɗuwa daga sama ba ta gaza yankewa haɗari ba. Wasu na ɗaure zarton rassa a bakin gora da roba, yana yi, in dai ɗaurin ya kamu. Amma sandar alminiyam ko ɗanyar gora kada a bari su kusanci wayar wuta ko kaɗan. Reshen da ya shiga wayoyi, balle manyan layuka masu bolt 11,000 ko 33,000, ba aikin mai gida ba ne. A sanar da kamfanin rarraba wutar lantarki su ɗauke wuta tukuna.

Kowanne ka riƙa cikin ukun nan, yadda ka yanka ya fi sunan kamfanin muhimmanci. Reshe mai nauyi ba a yanke shi sau ɗaya daga sama, domin kafin zarto ya fita nauyinsa zai karya shi ya yago ɓawo har ƙasa. Ka fara ta ƙarƙashi, kimanin santimita 30 daga gangar jiki, ka shiga kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa. Ka koma sama, ɗan gaba kaɗan ta wajen ganye, ka yanka har ya faɗi. Ɓawon zai yage ya tsaya a tsagin farko. Saura guntun da ya rage, shi za ka cire a natse. Dubi inda reshe ya haɗu da uwar, za ka ga wani ɗan kumburi kamar zobe. A bakin kumburin nan ake yankewa, ba a shafe shi, domin daga nan ne bishiya ke toho da naman da zai rufe ciwon. Ba sai ka shafa fenti ko baƙin mai ba. Mangwaro an fi sassabe shi bayan an gama cin 'ya'yansa, kuma kada a raba bishiya da fiye da rubu'in ganyenta a shekara guda. Ruwan mangwaro da na kashu suna sa wasu mutane ƙaiƙayi da ƙuraje. Ƙeranar da ake shinge da ita a ƙauyukan Filato ta fi su sharri, farin ruwanta idan ya fantsama a ido sai an dangana da asibiti, don haka ko da adda za ka taɓa ta ka sa tabarau.

To, ina injin ya shigo? Ya shigo ne inda itace ya wuce santimita 20, ko inda aikin ke maimaituwa: mai lambu a Lamingo, mai fili cike da turare a hanyar Bukuru, makaranta ko gidan gona. Shi ma iri uku ne.

Mai igiyar lantarki shi ya fi sauƙin sha'ani. Ka danna ya tashi, ka saki ya tsaya, babu gaurayen mai, babu hayaƙi, kuma ya fi sauran araha. Yawancinsu suna cin wat 1,800 zuwa 2,200, da harshe mai inci 14 ko 16, harshe kuwa shi ne dogon ƙarfen da sarƙa mai haƙoran yanka ke kewayawa. A nan ne gizo ke saƙar. Ƙaramin janareton nan na kallon talabijin bai kai wat 1,000 ba, ba zai ko motsa shi ba, kuma inji irin wannan yana fizgar wuta fiye da lambarsa a lokacin tashi, sai janareto mai wat 3,000 ko sama. Siririyar wayar jona da ake cajin waya da ita zafi za ta yi ta narke, sai mai kauri. Ga wanda ke da tsayayyar wuta kuma bishiyoyinsa duk suna cikin tsakar gida, zaɓi ne mai kyau, amma ba a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa ba.

Na batir shi ne ya fi ci gaba a 'yan shekarun nan, kuma ga gidan da ke da sola ya fi kowanne ma'ana. Ka ajiye shi wata shida, ka sa batir ya tashi nan take. Ba shi da nauyi, ƙararsa ba ta tada unguwa. Tsadarsa tana cikin batirin, shi ya sa hikimar ita ce ka sayi na kamfanin da kake da sauran kayansa, batir ɗaya ya yi maka aiki a injin huda da na yanka. Makita, misali, tana da wanda ake jera masa batir biyu masu bolt 18 su ba da 36. Kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka. Ƙwayar batirin litiyam guda bolt 3.6 take bayarwa, idan ta cika maƙil ta kai 4.2. Biyar a jere su ne 18, su ne kuma 21 a cike. Ke nan wanda aka rubuta wa 18 da 20 da 21 duk abu ɗaya ne. Idan kuwa ka ga batir ɗan mitsitsi an rubuta masa 88 ko 98, ado ne kawai na mai bugawa. Lambar da ke gaya maka daɗewar aiki ita ce wadda ke tare da haruffan Ah a jikin batir: mai 2 na ɗan sassabe ne, mai 4 ko 5 shi ne na datsa itace.

A nan zan tsaya kan ɗan ƙaramin nan mai inci 4 ko 6 da ake riƙewa da hannu ɗaya, wanda tallarsa ta cika Facebook da TikTok. Yana yanka, ban musa ba, kuma ga dattijo ko mai ciwon kafaɗa yana rage wahala. Amma kaurin da yake iya ci shi ne dai kaurin da zarton rassa ke ci. Ga shi kuma yana gayyatar mutum ya yi abin da bai kamata ba: dama tana riƙe da inji, hagu tana riƙe da reshe, tsakaninsu taƙi ɗaya. Yawancin marasa suna ba su da famfon mai, sai kana ɗiga wa sarƙa mai da kanka, kuma ranar da batirin ya mutu da wuya ka sami irinsa. Kuɗinsa zai saya maka zarton rassa da na baka masu kyau.

Sai mai fetur, wanda shi ne kowa ke nufi idan ya ce inji. Jamusawa ne suka fara fito da shi kasuwa: Andreas Stihl ya kafa kamfaninsa a 1926, Emil Lerp ya kafa Dolmar a 1927, wanda Makita ta saye a 1991. Husqvarna ta Suwidin ta shigo harkar a 1959. Girman injin da cc ake auna shi, kamar babur. Na gida shi ne mai 30 zuwa 45, irin su Stihl MS 170 da MS 180, masu nauyin kimanin kilo 4. MS 381 mai 72 na masu sana'a ne. Shi kuwa 070, ƙaton nan da masu tsaga katako a daji ke ji da shi, ya haura 100, nauyinsa ya wuce kilo 10 tun ba a ɗaura masa harshe ba, samfurinsa tun na shekarun 1960 ne, kuma da yawansu ba su da birkin sarƙa. Mai gida ba shi da abin yi da shi. A tsakiya akwai 'yan Chaina masu lamba 5200 da 5800, su ne suka cika kasuwa. Araha gare su, kayan gyaransu ko'ina akwai tunda kusan duk zubi ɗaya ne, sai dai ingancinsu sa'a ne, wani ya yi shekaru wani ya fara wahalar tashi tun daminar farko. Na fi yarda da wanda ya fito da sunansa na Chaina a fili a kan wanda aka yi wa fentin ruwan lemo irin na Stihl aka manna masa sunan Jamus. Idan farashin “Stihl” ya yi kusa da na 5800, ba sai an gaya maka ba.

Abin da ba a faɗa wa mai saye shi ne, injin fetur ya fi lalacewa a ajiye fiye da a bakin aiki. Ba shi da ma'ajiyar baƙin mai kamar mota, a cikin fetur ake gauraya masa man da ke shafe cikinsa. Stihl da Husqvarna suna son kashi 50 na fetur da kashi 1 na mai, wato mililita 100 a lita 5. Yawancin 'yan Chaina an rubuta musu 25 da 1, mililita 40 a kowace lita. Ka zuba masa tsurar fetur sau ɗaya, cikin mintuna fistin ya kama. Gaurayen kuma ba ya son ya wuce wata guda. Wanda ya yi aiki a Afrilu ya jingine inji da mai a ciki, idan ya dawo a Nuwamba zai tarar fetur ya bushe ya bar danƙo a kafireta, ya yi ta jan igiya har hannu ya yi kanta. Ga kuɗin fetur ɗin kansa tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Akwai kuma abin da ya shafi Jos ita kaɗai: garin yana kan tudu mai kimanin mita 1,200, iska ta fi ta Legas ko Onica sirantaka, kuma inji yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300. Injin da aka saita a bakin teku, a nan zai riƙa shan mai fiye da iskar da yake samu, ya yi hayaƙi, fulogi ya yi baƙi. Gyaran ɗan juya sukurun kafireta ne, amma a bar wa makanike, domin idan aka matse fiye da kima injin zai yi zafi ya ƙone.

Sarƙa ma tana da nata tankin mai daban, ko a na lantarki da na batir. An saba zuba mata baƙin man da aka juye daga mota. Yana ɗauke da gurɓataccen ƙarfe da ke cinye famfo da harshe, gara sabon mai ko da mai araha ne. Wasa ta kuma sai da zagayayyen magagari daidai girmanta, milimita 4 ga ƙananan injuna, 4.8 ko 5.5 ga manya, a karkace digiri 30. Alamar kaifi a ɓarɓashi take: mai kaifi tana fitar da manya-manya, dakusasshiya gari take fitarwa. A ƙasar Jos mai tsakuwa da duwatsu, sarƙa ta taɓa ƙasa daƙiƙa ɗaya ta gama dakushewa. Bishiyar gida kuwa ba a rasa ta da ƙusar igiyar shanya ko guntuwar waya da ɓawo ya haɗiye shekaru da suka wuce.

Sannan ga haɗarin. Sarƙar injin fetur tana gudun kusan mita 20 a daƙiƙa. Idan saman ƙarshen harshe ya taɓa wani abu, injin yakan yi harbi irin na jaki, ya taso sama ya nufo fuska kafin mutum ya ƙifta ido. Domin haka aka yi birkin sarƙa, wato marfin da ke gaban hannun hagu, kuma injin da ba shi da shi ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Ƙararsa ta haura desibel 100, alhali daga 85 kunne ke fara cutuwa idan abin ya daɗe. Ke nan kuɗin inji ba shi ne ƙarshen lissafi ba: akwai tabarau, abin toshe kunne, safar hannu, hular kwano, takalmi mai ƙarfe a baki. Ba a riƙe shi da jallabiya ko silifas, ba a ɗaga shi sama da kafaɗa, ba a hawa tsani da shi, ba a yi yara na tsakar gida.

Kayar da babbar bishiya kuwa wani fanni ne daban, musamman turare. Daga Ostareliya aka kawo shi, aka dasa shi da yawa a Filato tun zamanin Turawa don farfaɗo da filayen da haƙar kuza ta lalata da kuma samar da itace. Yana tsawo da sauri, kuma jikinsa a ɗaure yake ta ciki, shi ya sa yakan tsage a tsaye tun ana cikin yanka, ɓari guda ya yi sama ta inda mai yankan yake. Ƙa'idar kayarwa ita ce kowa ya ja baya ninki biyu na tsawon bishiyar. A Unguwar Rogo ko Gangare, inda katanga ke jingine da katanga, ina filin yake? Dole sai an hau an sauke ta gunduwa-gunduwa da igiya. Ko an kayar ma, kututturen turare da na dogon yaro sake tohowa suke yi, kuma waɗannan sabbin rassan zarton hannu ne maganinsu duk shekara.

Irin wannan aikin, wanda ba ya tasowa sai bayan shekaru, haya ake ɗauka. Masu inji ba su da wuyar samu, a tambaya a wajen 'yan katako a kasuwar Katako. Wanda ya san aikinsa za ka gane shi tun kafin ya tada inji: zai zagaya bishiyar, ya dubi inda ta karkata, ya ƙwanƙwasa gindin ya ji ko akwai kogo, sannan ya ce, “Alhaji, an taɓa buga mata ƙusa?” Wanda ya iso ba igiya, ba mataimaki, yana cewa minti goma ya gama, a sallame shi da kuɗin mota. Idan gidan haya ne sai da yardar mai gida, idan kuma bishiyar tana bakin titi ko a gidan gwamnati sai an nemi izinin hukuma. Kafin a fara a yi magana a gaban shaida: wa zai biya idan reshe ya fasa kwano ko katangar maƙwabci, wa zai kwashe ganye, kuma itacen na wa ne. Gangar turare miƙaƙƙiya ko ta malaina kuɗi ce a wajen masu katako da masu gini, sau da yawa takan biya ladan aikin har a yi maka ciko, don haka a sa ta cikin ciniki tun tana tsaye.